Gas ne ke ƙona inji, ko haɗin iska da mai ne ya kauce?

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, hirar gareji da ta tasha ta koma kan abu ɗaya: yaya za a yi mota ta rage sha? Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin ƴan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake naira 1,000 a wurare da dama. Masu motoci suka bazama neman mafita. Wani ya ɗora tukunyar gas a but, wani ya ce wa bakanike ya "rage mata mai", wani ya cire injekta ya mayar da kafireto, wani kuma an zare masa indomin salansa, wato tukunyar da ke tace hayaƙi, da saninsa ko ba da saninsa ba. A gefe guda ga samarin da ba ruwansu da tsimi, su gudu suke nema: a sa ƙatuwar salansa, a ɗora tarbo mai cusa wa inji ƙarin iska, a taɓa birenbos, wato kwamfutar mota.

Ba a daɗe ba ƙorafi ya biyo baya. Wannan ya ce tun da ya sa gas motarsa ke harbi ta gaba, har akwatin matatar iska ya fashe. Wancan an buɗe masa tof silinda an tarar bawul biyu sun ƙone, bakanike ya ce, "Alhaji, ai gas ne ya cinye su." Wani kuma rantsuwa yake yi cewa tun da aka taɓa salansarsa motar ke zuƙar mai kamar an huda tanki. To gas ɗin ne mai laifi, ko salansar, ko kuwa akwai wani abu guda da duk waɗannan gyare-gyare suke taɓawa ba a lura ba?

Akwai shi. Shi ne gwargwadon iska da man da ke haɗuwa a silinda kafin fulogi ya ƙyasta. Kamfanin da ya ƙera motar ya yi lissafinsa ne a kan injin yadda ya fito da shi. Ranar da aka canza wani abu, lissafin nan ya tashi daga aiki, kuma a yawancin garejinmu ba mai sake aunawa.

Inji iska yake ci, mai mahaɗi ne kawai

Mu da muke biya a gidan mai, gani muke fetur shi ne abincin mota. A wurin inji kuwa iska ce tuwon, fetur miya ne. Kafin kilo ɗaya na fetur ya ƙone ƙurmus, sai ya samu iska kilo 14.7. Lita ɗaya ta fetur kusan kashi uku cikin huɗu na kilo ce, saboda haka iskar da take bukata ta kai kilo 11. In an auna da girma, wajen lita 9,000 ke nan. Ka ƙiyasta tankin ruwa na roba mai cin lita 1,000 guda tara, a kan kowace lita ɗaya da ka saya. Cikin iskar ma oksijin ne kaɗai ke shiga wutar, shi kuwa kashi 21 ne cikin 100.

Kowane makamashi da nasa adadin. Gas ɗin girki yana neman wajen 15.5, gas ɗin da ake matsawa a tukunyar mota, wato CNG, wajen 17.2, metanol kuma kusan 6.5 kacal. Wannan na ƙarshe ba baƙonmu ba ne. A Fabrairun 2022 hukumomi sun tabbatar an shigo da fetur mai metanol fiye da ƙima, abin da ya haifar da dogayen layuka a Abuja da Legas. Irin wannan man, ko ba a taɓa ko kusa ɗaya a jikin mota ba, ya riga ya canza haɗin tun daga tanki.

Saboda adadin ya bambanta, injiniyoyi suka fito da ma'auni ɗaya da suke kira lamda. Idan iska da mai sun yi daidai, kowane irin mai ne, lamda ta zama 1. Idan mai ya yi yawa ta sauko ƙasa da 1, idan iska ta yi yawa ta haura. Mu kwatanta da koko: in gasara ta yi yawa ya yi kauri, in ruwa ya yi yawa ya tsinke. Da waɗannan kalmomi biyu za mu ci gaba, haɗi mai kauri da tsinkakken haɗi.

Ba kullum 14.7 ake so ba

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, har da masu agogon awo a gaban mota. Adadin 14.7 na tafiyar yau da kullum ne, lokacin da mota ke silo, wato inji na aiki tana tsaye, ko take tafiya a natse. An zaɓe shi ne domin a wurin ne indomin salansa ke iya tace hayaƙi yadda ya kamata. Amma in ka take totur har ƙasa za ka wuce tirela, injin fetur ya fi ba da ƙarfi da haɗi mai ɗan kauri, tsakanin 12.5 da 13. Mai tarbo kuwa ana kai shi 11.5 zuwa 12. Rarar man nan ba ɓarna ba ce, aikin sanyaya take yi: tana tururi a cikin silinda tana ɗauke zafi daga kan fistin da bawul. Da sassafe ma, kafin inji ya ɗumama, sai an ƙara kauri, don wani ɓangare na man mannewa yake yi a jikin ƙarfe mai sanyi.

Illar kauri a fili take: baƙin hayaƙi, warin ɗanyen mai, fulogi ya yi baƙin ƙirin, aljihu ya yi kuka. Akwai kuma wadda ba a gani, domin ɗanyen fetur yana wanke baƙin mai daga bangon silinda ya gangara ƙasa ya tsinka shi, ringi ya riƙa cin bango a hankali. Kauri ne kuma ke yawaita gubar nan marar wari da ke fita ta salansa, irin wadda ke hallaka iyali in an kwana da janareta a ɗaki.

Tsinkewa ta fi ha'inci. A tafiya mai sauƙi ba ta cika yin ɓarna ba, har ma takan ɗan rage shan mai in ba ta wuce 15.5 zuwa 16 ba. Shi ya sa mai mota ke murna a makon farko. Amma bari a cika motar da fasinja da kaya, a kama hawa da tsakar rana. Babu rarar man da zai sanyaya, zafi ya taru, ragowar haɗin da ke gefen silinda ya fashe da kansa kafin wutar fulogi ta iso shi. Shi ne ƙarar nan kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Fistin na alminiyam ne, alminiyam kuwa yana narkewa a digiri 660, alhali wutar da ke kansa ta ninka haka. Abin da ke kare shi wani siririn lulluɓin iska ne da ke kwance a samansa, wannan fashewar kuma share shi take yi. Daga nan sai rami a kan fistin ko tsagaggen ringi.

Ɗan rahoton da ke cikin salansa

Motar injekta ba ta yin haɗin nan da ka. Tana auna iskar da ke shiga, kwamfutarta, wadda makanikai ke kira birenbos, ta lissafa tsawon lokacin da za ta buɗe nozul, sannan ta saurari wani ɗan rahoto da ke ɗaure a bututun salansa kusa da inji. Shi ne sensar oksijin. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya ƙera ta, Volvo kuma ya fara sa ta a motocinsa a 1976.

Tsohuwar irin sensar nan, wadda ke jikin yawancin motocin Kwatano masu shekaru, ba ta aiki sai ta yi zafin kusan digiri 300. Tana fitar da ƴar wuta tsakanin 0.1 da 0.9 na bolt. Ƙasa yana nufin haɗi ya tsinke, sama yana nufin ya yi kauri, iyakar kuma tana wajen 0.45. In ta ce ya tsinke kwamfuta ta ƙara mai, in ta ce ya yi kauri ta rage, haka suke ta yi ba hutawa muddin mota na tafiya a natse.

Gyaran da kwamfuta ke yi ba ya ɓacewa, tana ajiye lissafinsa kashi biyu: na nan take da na dogon lokaci. In aka jona sikana, wato na'urar da ke karanta kwamfutar mota, aka ga 0, to lissafin kamfani ya yi daidai da abin da ke faruwa. In aka ga ƙarin kashi 15 cikin 100, ma'ana kwamfuta tana cusa ƙarin mai don cike wani giɓi. Abin da bai wuce kashi 10 sama ko ƙasa ba ana ɗaukarsa lafiya. Da ya doshi kashi 25, yawancin motoci sun kai ƙarshen abin da za su iya, sai fitilar cek injin ta kama, ta bar lamba P0171 in tsinkewa ce, ko P0172 in kauri ne. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari inda ake karanta wannan, na fetur na Turai kuma daga 2001.

Wannan ya isa ya warware batun "rage mata mai" a motar injekta. Bakanike zai iya matse ƙarfin famfon mai ko ya sa ƙananan nozul. Sensa za ta kai ƙara, kwamfuta ta tsawaita buɗe nozul, shan mai ya dawo inda yake. Ba a yi tsimin komai ba. Abin da aka yi kawai shi ne an cinye wa kwamfuta sararin da za ta yi gyara ranar da ake bukata. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Inda sensar kamfani take makancewa

Tsohuwar sensa eh ko a'a kawai ta iya. Za ta gaya maka haɗi ya yi kauri, amma ba ta iya bambance 13.5 da 11.5, wannan tazarar kuwa ita ce tsakanin lafiya da narkewar fistin a inji mai tarbo. Sanin haka ya sa in ka take totur har ƙasa, kwamfutar irin waɗannan motoci takan daina sauraronta gaba ɗaya ta koma bin jadawalin da aka rubuta mata a masana'anta. Wato a daidai lokacin da haɗari ya fi yawa, ba mai gadi. A injin da ba a taɓa ba wannan ba matsala ba ce, tunda jadawalin nasa ne. A injin da aka ɗora wa tarbo, ko aka sauya masa nozul ko makamashi, jadawalin wani injin daban yake bi.

Domin toshe wannan giɓi aka yi sensa mai faɗin awo, wadda masu gyaran motocin tsere ke kira waidban. Ita ba eh ko a'a take faɗa ba, adadi take bayarwa, tun daga kauri mai tsanani har zuwa zallar iska. Honda ta sa irinta a wata Civic tun 1992, motocin Toyota da yawa na baya-bayan nan kuma da ita suke fitowa a gaba. Agogunan da ake sayarwa daban a manna a gaban direba, irin na AEM da Innovate, galibi da sensar Bosch mai suna LSU 4.9 suke aiki, wadda ke riƙe kanta a zafin kusan digiri 780. A kula, akwai agogo mai arha mai fitilu ja da kore da ake jonawa a wayar tsohuwar sensa. Rawa kawai yake yi daga gefe zuwa gefe, ado ne.

Gas: ina gaskiyar zargin?

Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma bai kamata masu tallata gas su riƙa musun sa ɗungurungum ba. Fetur ruwa ne, yana sanyaya bawul in ya ratsa, yana kuma barin ɗan dauɗar da ke zama matashi tsakanin bawul da mazauninsa. Gas busasshe ne, ba ya yin ko ɗaya. A injin da mazaunin bawul ɗinsa ba mai tauri ba ne, bawul yakan riƙa nutsewa a hankali, ratar da ke samansa ta tsuke, har ya daina rufewa ruf. Bawul kuwa ta hanyar zama a mazauninsa yake sauke zafinsa. Da ya daina zama sai ya ƙone. Saboda haka motar da ake saita bawul ɗinta da hannu tana bukatar a riƙa duba ratar nan fiye da da.

Na biyu, gas yana cin wuri. Turirin fetur bai fi kashi 2 cikin 100 na abin da ke shiga silinda ba, gas kuwa kusan kashi 10 yake mamayewa, ya rage wa iska gurbi. Shi ya sa motar ke rage ƙarfi da kamar kashi 10 ko fiye. Wannan ba lalacewa ba ce, haka abin yake. Na uku, gas ya fi fetur jinkirin ƙonewa, don haka yana son fulogi ya ƙyasta da ɗan wuri, kuma yana jure hakan domin ya fi fetur ƙin fashewa da kansa nesa ba kusa ba.

Yanzu haɗa waɗannan da tsinkakken haɗi. Tsinkewa tana ƙara wa wutar jinkiri, har bawul ɗin fitar hayaƙi ya buɗe wuta ba ta gama ci ba, ta bi ta kansa. Wani lokaci ma ragowar wutar takan jira har bawul ɗin shiga ya buɗe. A irin tsarin nan mai arha da ke zuba gas tun daga bakin bututun iska, bututun gaba ɗaya cike yake da haɗi mai kamawa. Shi ne harbin da ke fasa akwatin matatar iska ya kashe sensar da ke auna iskar. Mai mota ya ce gas ya yi masa ɓarna, alhali gas ɗin ne bai isa ba, ko fulogi da wayoyinsa sun gaji.

Kuma gas yakan kasa isa saboda dalilai masu sauƙi. Tukunyar tana ɗaukarsa a matsin bar 200, sai wata na'ura ta sauko da matsin kafin ya shiga inji. In na'urar ta yi wa injin ƙanƙanta, a silo lafiya lau, a hawa kuma ta gaza. Haka in matatar gas ta toshe. Gas yana yin sanyi ƙalau in an sassauta matsinsa, shi ya sa ake zagaya na'urar da ruwan lagireto mai zafi, kuma motar kan tashi da fetur sai ruwa ya ɗumama ta koma gas.

Tsarin da ya fi inganci shi ne mai nozul ɗin gas ɗaya ga kowace silinda, wanda ke kwaikwayon umarnin da birenbos ke bai wa nozul ɗin fetur. Shi ma sai an saita shi a kan hanya, ba a tsaye a gareji kaɗai ba. Gwajin ba wuya: a jona sikana, a yi tafiya da fetur a ga lissafin gyaran da kwamfuta ke yi, a koma gas a bi hanya ɗaya da gudu ɗaya. In saitin ya yi, lambobin za su kusanci juna, bambancin bai fi kamar kashi 5 ba. In a kan gas suka haura zuwa ƙarin kashi 20, gas ya yi kaɗan. Abin takaicin shi ne birenbos ba ta san an sa mata gas ba. Za ta haddace wannan ƙarin, ranar da ka koma fetur ta zuba shi a kan fetur, mota ta riƙa hayaƙi tana kakarewa. Daga nan ake samun masu cewa motarsu "ta daina son fetur". Wasu masu haɗawa kuma, maimakon su gyara saitin, sai su sa wata ƴar na'ura da ke aika wa kwamfuta rahoton ƙarya cewa komai daidai ne. Fitila ta mutu, ciwo yana nan.

Indomi, tamostat da kafireto

Abin da ake kira indomi tukunya ce mai ramuka kamar saƙar zuma, an shafe ta da ƙarafa masu tsada irin su filatinam, faladiyam da rodiyam, dalilin da ya sa ake sace ta ke nan. A motocin da aka sayar a Amurka daga 1996 zuwa sama akwai sensa a gabanta da wata a bayanta. Ta gaba ce ke jan ragamar haɗi. Ta baya babban aikinta sa ido a kan indomin, ko da yake a motoci da dama tana ɗan sa baki a gyaran. In aka cire indomi, ta baya za ta kai ƙara da lamba P0420. Masu cewa cirewar kan ƙara shan mai da masu cewa ba ruwanta duk suna da abin kamawa, amma a ganina ɓarnar ta fi zuwa daga yadda ake aikin: a yanke waya, a bar sensar gaba tana reto, ko a yi walda a bar ƙofar da iska ke shiga kusa da ita. Sensa ta shaƙi iskar waje ta ce haɗi ya tsinke, kwamfuta ta yi ta ambaliyar mai.

Cire tamostat kuwa, wato abin da ke hana ruwa zagayawa lagireto har sai inji ya ɗumama, kusan al'ada ce a wurinmu, wai na ƙasashen sanyi ne. An ƙera inji ya yi aiki a wajen digiri 90. A cunkoson rana a Kano zai kai wannan zafin ko ba tamostat, amma da asubar hunturu a kan hanyar Zariya ba zai kai ba, musamman in an haɗa fanka kai tsaye. Kwamfuta ta ɗauka har yanzu ɗumama ake yi, ta ci gaba da kauri. Mai neman tsimi da ya cire tamostat da hannunsa ya ƙara wa kansa kuɗin mai, in kuma mai gas ne ya hana na'urar rage matsi samun zafin da take so.

Mayar da mota kafireto shi ne sallamar mai gadi gaba ɗaya. Kafireto ba ya jin rahoton kowa, inda aka ɗaure shi nan yake. Iska kuwa ba nauyinta ɗaya ba kullum. Kano ba ta kai mita 500 daga doron teku ba, Jos ta haura 1,200, motar da aka saita a ƙasa za ta yi kauri a kan tsauni. Iskar digiri 45 ta watan Afrilu a Sakkwato ta fi ta digiri 15 ta asubar Janairu sauƙi da kusan kashi 10. Ga ƙurar hunturu da ke toshe matata cikin ƴan makonni. Ba a ce kafireto bai da amfani ba, Fijo 504 ta yi shekaru tana ratsa ƙasar nan da shi, kuma ɗan ƙauyen da ba sikana a kusa da shi yana da hujjarsa. Sai dai a daina cewa ya fi injekta mai lafiya tsimi.

Agogon ma yana ƙarya

Wanda ya sayi waidban ya sani cewa oksijin take gani, ba mai ba. In fulogi ɗaya ya daina ƙyastawa, iska da ɗanyen mai za su fito tare, agogo ya nuna tsinkewa, alhali fetur na zuba ta salansa. Wanda bai gane ba sai ya ƙara mai, ya ƙara dagula lamarin. Ɓulin salansa a gaban sensa ma haka yake nunawa. Sannan sensa ɗaya tana karanta hayaƙin silinda huɗu a gauraye. Uku na iya yin kauri ɗaya ta tsinke saboda toshewar nozul, agogo ya ce lafiya, ita kuwa ɗayar tana cin wuta.

Wurin ɗaura ta ma da ƙa'ida: a gaban indomi, a bayan tarbo in akwai, kuma a saman bututu, a karkace aƙalla digiri 10, don kada ruwan da ke taruwa a salansa da safe ya taɓa ta tana da zafi ta tsage. Gam ɗin silikon da ake lafta wa gaskit yana kashe ta, haka injin da ke shan baƙin mai ko ruwa.

Ga mai gas akwai tarko na musamman. Yawancin agogunan nan lamda suke aunawa, sai su ninka ta da 14.7 su nuna maka. In kana kan gas ka ga 14.7, to lamda 1 ke nan, daidai ne. Wanda ya ji an ce gas 17.2 yake so ya kama rage gas har agogo ya nuna 17.2, ya tsinka haɗin da kusan kashi 17 cikin 100. Mafi sauƙi a mayar da agogon ya riƙa nuna lamda. Kuma kada a kwaso adadin fetur a ɗora wa gas: tunda ba ya tururi, ƙara masa kauri sosai ba ya sanyaya silinda kamar yadda na fetur ke yi.

Kunnen oga ko sikanar yaro?

Tsofaffin makanikai suna da hanyarsu: su saurari silo, su shinshina hayaƙi, su zare fulogi su duba. Ƙasa-ƙasa lafiya, baƙi kauri, fari fat tsinkewa. Ba abin rainawa ba ne, kuma har gobe fulogi ne ke tona asirin wace silinda ce ta bambanta da ƴan'uwanta, abin da agogo ba ya yi. Amma launin fulogi labarin makonni yake bayarwa a dunƙule, ba ya faɗin abin da ya faru cikin daƙiƙa biyar ɗin da ka take totur a hawa. A kan gas kuwa kusan kullum fes yake fitowa, ko haɗin ya yi ko bai yi ba.

Su ma masu sikana ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Da yawa lamba kawai suke karantawa su goge. P0171 ba ta ce sensa ta mutu ba, cewa ta yi haɗi ya tsinke. Sau da yawa laifin tsagaggen tiyo ne, ko famfon mai da ya gaji, ko ƙura a kan sensar iska. A tura mutum Ƙofar Ruwa ko Panteka ya sayo wata sensar, bayan kwana uku fitila ta dawo. Alhali lambobin gyaran da kansu suna nuna hanya: in ƙarin ya yi yawa a silo ya ragu da an ba ta wuta, iska ce ke satar shiga ta wani wuri. In kuwa a silo lafiya, sai an ba ta wuta yake hauhawa, mai ne ba ya isowa.

Wa ke bukatar me?

Ba kowa ne zai sayi waidban ba, kuma ba kowa ke bukata ba. Wanda ya ɗora tarbo ko ya sa aka sake rubuta birenbos, shi kam tilas ne, domin kuɗin agogo da sensarsa bai kama ƙafar kuɗin fistin da ringi da aikin buɗe inji ba. Direban haya da ya koma gas ba sai ya manna agogo ba. Abin da yake bukata shi ne sensar gaba ta kasance da rai, fitilar cek injin tana aiki ba a zare ƙwanta ko an liƙe ta da baƙin salatif ba, sannan wanda ya haɗa masa gas ya shiga motar da kwamfutarsa su hau titi tare. Ƴar na'urar ELM327 da ake cusawa a soket ɗin ƙarƙashin sitiyari tana turo lambobin nan zuwa wayar hannu, kuma kuɗinta bai kai na cika tanki sau ɗaya ba.

Kafin ka biya cikon kuɗin aikin gas, ka ce, "Oga, nuna min gyaran da take yi a kan fetur, ka nuna min na gas, a silo da kuma a kan gudu da kaya." Ka ɗauki hoton lambobin da wayarka. Bayan kamar wata guda a sake dubawa, a duba ratar bawul in motar mai saitin hannu ce, a canza matatar gas in lokacinta ya yi. In lambobin sun fara hawa a kan gudu, ka mayar da ita fetur har sai an gano dalili.